Shayar da tagwaye: shin nonon uwa ɗaya zai ishi jarirai biyu?

"Assalamu alaikum Hajiya. Yau kwanana 12 da haihuwar tagwaye, Hassan da Hussaina. A asibiti na haihu da kaina, cikin yana sati 36. Hassan ya zo da nauyin kilo 2.6, Hussaina kuma kilo 2.1. Ina jego a gidanmu. Hassan yana kama mama da ƙarfi, amma Hussaina da ta ɗan tsotsa sai barci ya ɗauke ta. Mahaifiyata da uwar mijina sun ce nonon mace ɗaya ba ya isar yara biyu, don haka a sayo madarar gwangwani, a kuma riƙa ba su ruwa saboda zafin gari. Maigidana mai ƙaramin ƙarfi ne, ni kuma rabona da barcin kirki tun da na haihu. Don Allah yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da arziki, Maman 'yan biyu, Allah ya raya mana Hassan da Hussaina bisa imani, ya kuma ba ki lafiyar shayarwa. Na karanta saƙonki, kuma na ga abubuwa uku ne suke damun ki: ko nononki zai ƙosar da jarirai biyu, da yadda za a yi da Hussaina mai barci a kan mama, da kuma yadda ke kanki za ki jure wannan ɗawainiya. A aikina na unguwarzoma na sha zama da iyayen tagwaye, kuma abin da na gani shi ne ba kasafai nono ke gaza su ba. Abin da ya fi gaza su shi ne barci, da abinci, da hannun da zai miƙo musu jariri na biyu.

Yadda jiki yake sanin yawan nonon da ake buƙata

Nono ba a auna shi tun ranar haihuwa ba, a ce ga rabon wance. Jiki yana yin sa ne gwargwadon yadda ake cire shi. Duk lokacin da jariri ya tsotsa, saƙo yana tafiya zuwa ƙwaƙwalwar uwa, sai ta saki sinadarai biyu: furolaktin, wanda ke sa a haɗa sabon nono, da okisitosin, wanda ke matso shi ya gangaro zuwa kan mama. Idan kuma nono ya daɗe a cikin mama ba a cire shi ba, maman kansa yakan rage aiki. Kamar rijiya mai ido ne, wadda ɗiba ke sa ta kawo ruwa. Jarirai biyu suna aika saƙo ninki biyu, jiki kuma yakan amsa da ninki biyu. Uwar jariri ɗaya takan samar da kimanin mililita 750 zuwa 800 a kwana guda. A wani bincike da aka buga a 1986, wanda aka yi a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, an auna nonon mata takwas masu shayar da tagwaye, aka tarar a wata na shida wasunsu suna samar da kusan kilo biyu a kwana, har ma da ɗan ɗori. Ƙanƙantar mama ko girmansa ba shi ne ke yanke yawan nono ba, sai dai mai ƙaramin mama za ta iya buƙatar shayarwa a kai a kai fiye da wata.

Makonnin farko su ne lokacin da jiki ke koyon yawan da ake so daga gare shi, kuma kina cikinsu yanzu. Shi ya sa shawarar sayo madara tun yau take da haɗari ko da an yi ta da kyakkyawar niyya. Duk cikin da aka cika da madara, tsotso ɗaya ne ya ragu, kuma jiki zai ɗauka cewa ba a buƙatar wannan kason. Bayan mako biyu ko uku sai nonon ya ja baya da gaske, a ce ai dama an faɗa.

Akwai dai abubuwan da ke rage nono na haƙiƙa, kuma uwar tagwaye ta fi fuskantar wasu daga ciki: zubar jini mai yawa wajen haihuwa, ƙarancin jini, da saurar mabiyiya a cikin mahaifa. Idan har yanzu jini ja mai yawa yana zubo miki, ko yana da wari, ko kina jin jiri da bugun zuciya in kin miƙe, to a duba ki a asibiti, domin gyara wannan shi ne gyaran nonon.

Game da ruwa kuwa, kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara fitowa a farkon tsotso ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishirwa. Ko a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, jaririn da ake ba mama duk lokacin da ya nema ba ya buƙatar ruwa har ya cika wata shida, kuma wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ruwa yana cika ɗan cikin da ya kamata nono ya cika, yana kuma iya kawo gudawa, wadda ga jaririya mai kilo biyu ba ƙaramin al'amari ba ce. Ruwan da iyayenmu suke so a ba jarirai, ke ya kamata a ba, ki riƙa sha duk lokacin da kika zauna shayarwa.

Hussaina ita ce abar lura

A duk saƙonki, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne barcin Hussaina. Jaririn da aka haifa a sati 36 yana kama da cikakken jariri a ido, amma ƙarfinsa bai kai ba. Haɗa tsotso da haɗiya da numfashi abu ne da jariri yake fara iyawa wajen sati 34, saboda haka ita sabuwar koyo ce, tana gajiya kafin ta ƙoshi. Irin waɗannan jarirai ba sa kuka don yunwa kamar sauran, sai a riƙa yaba musu da haƙuri alhali ƙarfi ne ke ƙare musu. Kada ki jira ta nema. Ki tashe ta duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, ta yadda za ta sha aƙalla sau takwas a kwana, in ya kai goma ya fi.

Hanyar tashin ta ita ce ki cire mata kaya sai ƙunzugu, ki ɗora ta a ƙirjinki fata da fata, ki shafa tafin ƙafarta da bayanta. In ta kama mama, ki duba muƙamuƙinta da kunnenta: jaririn da ke sha da gaske yana buɗe baki sosai, haɓarsa na manne da mama, leɓen ƙasa ya juyo waje, yana ja a hankali da zurfi, yana ɗan tsayawa ya haɗiye. Wanda leɓensa kawai ke motsi da sauri-sauri, ba ya samun komai. Da kin ga tsotsonta ya fara lafawa, ki riƙe maman da hannu nesa da bakinta, ki matsa shi a hankali ki riƙe a matse, sai nono ya ƙara zuba a bakinta, ta farka ta ci gaba da haɗiya. In ta tsaya, ki saki, ki sake matsawa ta wani gefen.

Idan duk da haka ba ta wuce 'yan mintoci tana sha ba, sai ki tatsa ki ƙara mata. Ki wanke hannu da sabulu, ki tanadi ƙaramin kofi da aka wanke aka zuba wa tafasasshen ruwa. Ki sa babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, daidai inda baƙin da ke kewaye da kan mama ya ƙare, ki tura su baya wajen ƙirji, sannan ki haɗa su ki saki, kina maimaitawa kina zagaya maman. Kada ki ja kan mama, ciwo kawai zai yi. Wajen ba ta, a zaunar da ita a cinya, a tallafe wuyanta, a ɗora bakin kofin a leɓenta na ƙasa, a karkata shi har nonon ya taɓa leɓen, a bar ta ta lasa da kanta. Ba a ɗura wa jariri, domin zai iya shaƙewa. Nonon da aka tatsa yana iya kai awa huɗu a rufe a ɗaki mai sanyi-sanyi, amma a zafin da muke ciki gara a ba ta shi nan take. Wannan aikin kofi shi ne wanda mahaifiyarki za ta iya karɓa, kuma na lura kakanni sukan kwantar da hankali ƙwarai da zarar sun ga nono da idonsu a cikin kofi yana shiga cikin jika.

Ina kuma so ki riƙa goya Hussaina a gaba. Wannan ita ce hanyar da ake kira kulawar kangaru, wadda aka fara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabar ɗumama bakwaini, kuma yanzu ita ake ba da shawara ga duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. Ana sa jariri tsakanin mama biyu, daga shi sai ƙunzugu da hula da safa, a juya fuskarsa gefe yadda hancinsa zai kasance a sarari, a ɗaure da zane. Ɗumin jiki yana hana shi ƙona ƙarfinsa wajen ɗumama kansa, kusanci da mama kuma yana sa ya riƙa nema. Kakarta ko ƙanwarki ko mahaifinta duk za su iya yi mata wannan goyon yayin da kike hutawa.

Tare za a ba su ko ɗaya bayan ɗaya?

Duka biyun suna da muhalli. Shayar da kowanne shi kaɗai yana ba ki damar lura da kamunsa, amma in kowane jariri zai ci rabin awa sau takwas ko goma a kwana, lissafin ba zai bar miki lokacin barci ba. Shayarwa tare tana rage lokacin kusan rabi, kuma tana da wata fa'ida ta musamman a gare ki: sa'ad da Hassan ya ja da ƙarfi, nono yana saukowa ne a mama biyun lokaci guda, sai Hussaina ta samu ba tare da ta wahala ba. Shawarata ita ce ki riƙa haɗa su a yawancin lokuta, ki ware sau biyu ko uku da rana ki ba Hussaina ita kaɗai, ki zuba mata ido.

Zaman da ya fi sauƙi ga jarirai ƙanana shi ne ki zauna a kan katifa a ƙasa, ki jingina da bango, ki sa filo a bayanki da kuma filo ɗaya ko ninkakken bargo a kowane gefe. Kowane jariri ya kwanta a kan filonsa ta ƙarƙashin hammatarki, ƙafafunsa suna kallon bango, ƙeyarsa a tafin hannunki, cikinsa yana manne da haƙarƙarinki. Ki fara da Hussaina tun hannayenki biyu suna sake, ki gyara mata kamu har ya zauna, sannan a miƙo miki Hassan, wanda shi ba ya buƙatar lallashi. Filon ya ɗago su har daidai kan mama, don kada ki riƙa sunkuyawa, in ba haka ba ciwon baya da wuya zai hana ki sakewa. In sun ƙara girma suka iya riƙe wuya, za ki ga wasu zaman sun zo miki da kansu.

Kada ki ware wa kowa mamansa na dindindin. In aka bar Hussaina a gefe ɗaya kullum, wannan gefen zai ragu saboda raunin tsotsonta, ita kuma ta ƙara rasa. Ki riƙa sauya musu, ko a kowace shayarwa ko kullum da safe, wanda ya fi sauƙin tunawa. Da dare kuma, in ɗaya ya tashi, ki tashi ɗayan ki ba su tare, domin in kika bar shi, kina kwanciya zai farka. Shayarwar dare ba abar yarwa ba ce, lokacin ne furolaktin ya fi yawa a jiki. Sai dai ki kiyayi yin barci a kan kujera da jarirai a jikinki, kuma in an gama a kwantar da su rigingine a cikin gidan sauro, nesa da filo da tarin tsummoki.

Yadda za ki gane sun ƙoshi

Kuka ba ma'auni ba ne, haka ma laushin mama, domin bayan makonnin farko mama yakan daina cika ya yi tauri ko da nono na nan. Ma'aunin shi ne abin da ke fita da kuma sikeli. A kwanakin da suke yanzu, kowanne ya kamata ya yi fitsari mai haske aƙalla sau shida a kwana, kashinsa ya zama rawaya mai laushi, sau da yawa a rana. Da yake su biyu ne kuma kina cikin gajiya, abin yana rikicewa, sai a ɗauka kowa ya yi alhali na Hassan aka ƙirga sau biyu. Ki samu takarda ki raba ta gida biyu, duk wanda ya canza ƙunzugu ko ya ga an sha mama ya ja layi a gidan mai shi. Jariri yakan rage nauyi a kwanakin farko, ya dawo nauyin haihuwarsa wajen kwana 10 zuwa 14, daga nan kuma ya riƙa ƙara kimanin giram 150 zuwa 200 a mako. Kowanne da kansa za a gwada shi, ba da ɗan'uwansa ba. Hussaina za ta iya daɗewa tana ƙasa da Hassan ba tare da wata matsala ba, muddin nata layin yana hawa.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Idan jariri ya ƙi kama mama gaba ɗaya ko ya yi wuyar tashi, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri yana jan haƙarƙari, ko ya yi jijjiga, ko ciwon shawara ya sauko har tafin hannu da na ƙafa, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ina kuma roƙon kada a bari a cire musu beli, domin ciwon yana hana tsotso, ga zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Ke kanki

Mai shayar da jariri ɗaya tana buƙatar ƙarin kimanin kalori 500 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), mai tagwaye kuwa kusan ninkin haka. A aikace wannan yana nufin cin abinci sau uku a ƙoshi da kuma wani abu a tsakani da cikin dare. Ba sai mai tsada ba: tuwo da miyar ganye, wake, kwaɗon zogale da ƙuli, kunun gyaɗa, fura da nono, ƙwai, kifi, da hanta in an samu. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini da aka ba ki. Hulba da sauran abubuwan da ake cewa suna kawo ruwan nono ba su kai yawan tsotso tasiri ba, kada a dogara da su.

Zan yi magana a kan kunun kanwa da wankan jego, kuma ina yin ta da girmamawa ga iyayenmu. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da yawan gishirin da ke cikin kanwa, da tsananin zafin ruwan wanka, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Cikin tagwaye shi kansa yana daga abubuwan da ke ƙara haɗarin wannan ciwo da kuma hawan jini bayan haihuwa. Saboda haka a dama miki kunu ba kanwa, a yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda jiki ke iya ɗauka, a kuma auna jininki. In kika ga kumburin ƙafa yana ƙaruwa, ko numfashi yana sarƙe miki in kin kwanta, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, to asibiti ne maganar.

Barci kuwa ba zai samu ba sai an raba aiki. Har a yi arba'in, aikinki shayarwa ne da ci da kwanciya. Wanki, wankan jarirai, sa su gyatsa, lallashi, da karɓar 'yan barka, na wasu ne. A samu mutum ɗaya da zai riƙa kwana a ɗakinki don miƙo su da mayar da su. Kada ki yi jayayya da mahaifiyarki ko surukarki, tsoro ne ya sa suka faɗi abin da suka faɗa, kuma sun ga yaran da suka rame a zamaninsu. Ki roƙe su su raka ki awo, su ji daga bakin ma'aikaciya, su ga sikeli. In kuma kika ji baƙin ciki ya lulluɓe ki kwana da kwanaki, kina kuka ba dalili, ko kin kasa jin son jariran, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya, domin lalura ce sananniya bayan haihuwa kuma tana da magani. Idan lokacin tazarar haihuwa ya yi, ki sanar cewa kina shayar da biyu, saboda ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin istirojin suna iya rage nono, kuma akwai wasu hanyoyin da ba su taɓa shi.

Idan awo ya nuna ana buƙatar ƙari

Wani lokaci ana yin komai daidai amma sikeli ya ƙi hawa, kuma a nan ƙari wajibi ne, ba gazawar uwa ba ce. Na farko shi ne nononki da kika tatsa. Na biyu shi ne nonon wata mace mai lafiya, abin da addininmu ya sani tun da Halimatus Sa'adiyya ta shayar da Manzon Allah (SAW). In za a bi wannan hanya, a fara gwada jininta don cutar ƙanjamau da ciwon hanta, a kuma rubuta wadda ta shayar da wanda aka shayar, domin aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta haramta aure tsakanin 'yan'uwan shayarwa. Na uku shi ne madarar jarirai ta gwangwani, wadda aka yi don 'yan ƙasa da wata shida. Madarar shayi, nonon shanu, kunu da koko ba abincin jariri sabon haihuwa ba ne.

Kafin a sayi gwangwanin farko, ya kamata maigidanki ya san lissafin. Jariri ɗaya da ke kan madara zalla yana shan kusan kilo 20 na garin madara a wata shida na farko, tagwaye kuwa kilo 40. Abin da nake gani a gidajen da ƙarfinsu bai kai ba shi ne a fara da kyau, kuɗi su yanke, a koma tsinka madarar da ruwa don ta daɗe, a lokacin kuma nonon uwa ya riga ya ja baya, sai tamowa ta shigo. Rabin wannan kuɗin in aka kashe shi a kan abincinki zai fi amfanar yaran. In dai an rubuta madara, a haɗa ta daidai yadda aka faɗa a jikin gwangwani da ruwan da aka tafasa, a ba da ita a kofi bayan an sha mama, a zubar da ragowar, kuma kada a ce ɗaya na mama ɗaya na madara. Kowannensu ya ci gaba da samun nononki, ƙaramar kuma ita ce ta fi buƙatarsa.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan saƙonki, ban ga kamun Hussaina ba, ban kuma ɗora ta a sikeli ba, kuma waɗannan biyun su ne za su yanke hukunci. Gobe ko jibi ki kai su asibitin da ya fi kusa da ku tare da katinsu da takardar da kuke jan layi a kai. A auna kowanne ba kaya, a duba idanunsu da fatarsu don ciwon shawara, ki kuma shayar da Hussaina a gaban ma'aikaciya ta ga yadda take kamawa. In nauyinta ya kai kilo 2.1 ko ya wuce, ki ci gaba da abin da na bayyana, ki dawo awo bayan mako guda. In kuwa yana ƙasa da haka, ma'aikaciyar ce za ta ƙayyade yawan abin da za a riƙa ƙara mata a kofi bayan kowace shayarwa, ta kuma sa muku ranar dawowa cikin kwana biyu ko uku. Allah ya ƙara lafiya.